Jinjina ga Masu Hutar da Iyayenmu Mata

Yabon gwani ya zama dole. An daɗe ana yi wa 'yan siyasar Kano ƙazafi, wai ba su da alƙawari, wai abin da suka faɗa a kan duro da hantsi kafin la'asar sun manta da shi. Ni kam ban yarda ba. Akwai alƙawari guda da suka riƙe gam tun Bature bai naɗe tutarsa ba, kuma har gobe ba su saɓa ba: sun sha alwashin hutar da mata daga wahalar mulki. Jam'iyyu sun mutu an haifi wasu, huluna sun canza launi, ubangida da yaronsa sun raba gari sun shirya sun sake rabawa, amma wannan amana tana nan inda aka ajiye ta.

Ga lissafi, kada a ce son kai ne. Majalisar dokokin jihar Kano kujera 40 gare ta, a zaɓen 2023 maza 40 suka hau. Kujerunmu a majalisar wakilai ta tarayya 24 ne, maza 24 suka tafi Abuja. Sanatoci uku, maza uku. Kujera 67 ke nan, a jihar da masu rajistar zaɓe suka doshi miliyan 6, kuma ko ɗankwali ɗaya bai kutsa ba. Wanda bai san aiki ba sai ya ɗauka abin da sauƙi. Ina! A ƙasar da ake kuskure a komai, a sunan mutum kan katin zaɓe, a lissafin akwati, a ranar biyan albashi, a ce an tankaɗe wannan taron jama'a an fitar da 67 ba kuskure ko ɗaya, ai sai ƙwararru. Abin da ya fi burge ni ma, ba a zauna an ƙulla ba. Masu jar hula da masu tsintsiya da masu lema ba sa ga-maciji da juna, sojojin bakinsu kullum dare suna gidan rediyo suna yi wa juna tonon silili, amma a kan wannan magana bakinsu ɗaya. Wa ya ce Kano babu haɗin kai?

Mai son ganin inda hikimar ta samo asali ya zo Bata, inda kantin takalma ya bar wa wuri suna. Ya tsaya ƙarƙashin gada, kasuwar Sabon Gari a wannan hannu, Singa a wancan, Kwari da Wapa can gaba cikin Fagge, adaidaita sahu na ƙoƙarin ɗauke masa ƙafa. Ba nisa daga nan, cikin Sabon Gari, aka kafa jam'iyyar NEPU ranar 8 ga Agustan 1950. A bayan ganuwa aka yi, inda idon En'e bai kai kaifin na cikin birni ba. Mutum takwas ne suka assasa ta, cikinsu da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, dukansu maza. An fara da ƙafar dama. Sai dai Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, wanda jagoranci ya koma hannunsa daga baya, duk da iliminsa da tafsirinsa yana da rauni guda: ya yarda cewa mace mutum ce har a rumfar zaɓe. Ya dage a kai 'ya mace makaranta, a ba ta ƙuri'a, a bar ta ta yi magana. Kowane babba da inda yake tuntuɓe.

Ta wannan kafa Hajaratu ta shigo, 'yar Sabon Garin Zariya, wadda duniya ta sani da Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, mahaifinta mutumin Ghana ne da aikin jirgin ƙasa ya kawo shi, mahaifiyarta Banufiya. An yi mata aure tana da shekara 13, ta yanki katin NEPU tana da 17, a zamanin da magidanci mai gemu yake ɓoye nasa katin don kada mai unguwa ya ji. Ta je har Abekuta wurin Funmilayo Ransome-Kuti ta ji yadda matan can suka tayar wa sarkinsu Alake hankali kan haraji, ta dawo da cutar. Ta zama shugabar matan jam'iyya. Ta zo Kano tana bi gida-gida, tana ratsa zaure tana shiga wurin matan kulle, tana yi musu maganar auren ƙuruciya da aikin tilas da haraji da karatu.

A nan magabatanmu suka nuna adalcin da ya kamata a rubuta da ruwan zinare. Aka kama ta tare da mata wajen 200 bisa laifin taro ba izini, alƙali ya ba su wata guda-guda. Ku duba da kyau. Ba wanda ya miƙe a gaban alƙali ya ce mace ba ta da ƙarfin zaman kurkuku. Ba wanda ya ce al'adarmu ba ta yarda mace ta kwana a waje ba. Ba a nemi amincewar miji ba, ba a tambayi wa zai dafa wa yara tuwo ba, ba a ce lokaci bai yi ba tukuna, a bari sai sun ƙara wayewa. A ƙofar gidan yari an yi wa mata cikakken daidaito, babu ragi ko na sisin kwabo. Daga baya hukuma ta ce Gambo ta bar Kano, aka haɗa ta da 'yan doka suka raka ta har jirgi, irin rakiyar da ake yi wa manyan baƙi.

Sau 16 aka ɗaure ta a rayuwarta. An aske mata kai da fasasshiyar kwalba. An taɓa yi mata taron dangi aka lakaɗa mata duka aka yar da ita a daji, ana zaton ta cika. A Kano kuwa, tun 1953 akwai ƙungiyar da ba ta ɓoye sunanta ba, Jam'iyyar Mahaukata, mai aikin gyara wa 'yan NEPU zama. Ita ma ba a san ta da nuna bambanci ba, gorarta ba ta tambayar jinsi.

Sai 'yanci ya ƙarato, aka zo rabon kujeru, tausayi ya motsa.

Nan ne gwanintar take, don haka a bar ni in ɗan tsaya. A zaɓen tarayya na Disambar 1959, wanda ya fitar da gwamnatin da ta karɓi ƙasa ranar 1 ga Oktoban 1960, majalisar wakilai kujera 312 gare ta. Arewa ta samu 174, fiye da rabi, saboda an raba ne bisa yawan jama'a. Da aka zo ƙirga jama'ar, an ƙirga mata. Kowace Hajara da kowace Talatu, ta cikin kulle da ta bakin rijiya, an saka ta a lissafi, kanta ya jawo wa Arewa kujera. Da aka zo jefa ƙuri'a sai aka ce ta zauna a gida ta huta. Matan Kudu suna can cikin rana suna layi, abin tausayi, namu suna inuwa. Jam'iyyar NPC mai mulki ta bayyana cewa abin ya saɓa wa al'adar jama'a, kuma lokacinsa bai yi ba. Ka ji basira: kan mace ya isa ya haifi kujera, babban yatsanta ne bai isa ya zaɓi mai hawa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kuma gardin yana yi ne don kada kuɗi su ɓata tarbiyyar kura.

Gambo, da yake ba ta san gata ba, ta ƙi godewa. Ta ci gaba da neman ƙuri'a kamar wadda aka yi wa rowa, aka ci gaba da ɗaure ta. Matan Arewa ba su taɓa takardar zaɓe ba sai 1976, kuma soja ne ya yi wannan gangancin, a zamanin Obasanjo, lokacin gyaran ƙananan hukumomi. Farar hula masu hankali sun yi mulki daga 1960 zuwa 1966 ba su aikata ba. Daga 'yanci zuwa 1976 shekara 16 ke nan cif, daidai da yawan ɗaurin da ta sha, shekara guda a kan kowane ɗauri. Masu cewa ba mu iya biyan bashi ba su zo su gani.

A Jamhuriya ta Biyu an ɗan yi sakaci. Gambo ta kai muƙamin mataimakiyar shugaban jam'iyyar GNPP ta Waziri Ibrahim. Malam Aminu kuma raunin nan nasa ya tashi, har ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, ta zama mataimakiyarsa a takarar shugaban ƙasa ta 1983. Ya rasu ranar 17 ga Afrilun shekarar, kafin zaɓe. Magadansa sun rabu gida biyu tun yana raye, 'yan santsi da 'yan taɓo, kuma har yau kowane ɗan takara a Kano sai ya rantse shi ne ɗan Malam na haƙiƙa. Sun gaji farar riga, sun gaji kalmar talakawa, sun gaji hotonsa a fosta. Raunin nan kaɗai suka yafe, saboda ɗa nagari yana rufa wa ubansa asiri.

Kada mu cika baki, ba mu kaɗai ne gwanaye ba. Ita kanta Funmilayo, wadda ta je har Ingila a tawagar jam'iyyar NCNC a 1947, da ta nemi tikiti a 1959 jam'iyyar ta hana ta, a 1977 kuma sojoji suka jeho ta daga bene a gidan ɗanta Fela, ta rasu a shekarar da ta biyo. A Tanzaniya, Bibi Titi Mohammed da ta tara wa Nyerere dubban mata, a 1969 aka kama ta da zargin cin amanar ƙasa, aka yanke mata ɗaurin rai da rai, sai 1972 aka yi mata afuwa. Amma nasu akwai ƙazanta a ciki, da jini da kotu da surutun duniya. Namu na yanzu a tsabtace yake. Mun daina aske kan kowa. Atamfa muke bayarwa.

Ku zo mu kalli shugabar mata ta mazaɓa ranar da ɗan takara zai zo, don ita ce magajiyar Gambo a hukumance. Tun jiya da dare take zagaye da littafin makaranta mai layi-layi, tana rubuta sunaye da lambobin waya. Atamfar anko ta iso daga Kwari, fuskar Yallaɓai a cikin da'ira, an buga ta yadda duk inda tela ya yanka sai ya faɗo a ƙirji ko a baya. Kuɗin ɗinki na mai sakawa ne. Da hantsi an loda su a motoci, an ratsa cunkoson Bata, an sauke su a fili. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, na gaba masu hannu da matashi. Rumfar ta manya ce. Mata suna tsaye daga gefen da rana ta fi so, goyo a baya, ruwan leda ya yi ɗumi a hannu. Azahar ta wuce, la'asar ta wuce, sai ga jiniya. Shugabar mata ta ɗaga hannu, guɗa ta tashi. Mai gabatarwa ya ce: "Iyayenmu mata, ku ne masu zaɓe, ku ne ba kwa cin amana." Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ake barin musu amanar su riƙe, a tafi da sauran.

Bayan maza tara sun yi jawabi, sai a miƙa mata makirufo, mai gabatarwa yana tsaye a kanta yana duba agogo.

"Ranka ya daɗe, matan wannan mazaɓa sun ce in gaya maka, ko ba ko sisi za su fito."

Tafi ya ɓarke. Yallaɓai ya gyaɗa kai, ya rubuta wannan a zuciyarsa, kuma zai yi aiki da shi. Da magariba a raba taliya leda bibbiyu, sabulu, ƙullin magi, da 'yar takarda ɗaya ta kuɗin mota. Wadda aka tsallake sunanta ta bi shugabar mata har gida da zagi. Wannan shi ne ofishin, kuma babu namijin da ya taɓa yi mata takara a kansa. Ina aka taɓa ganin karamci irin wannan, a ware wa mutum kujerar da ba mai ƙyashinta?

Ranar zaɓe kowa ya san layin da ya fi tsawo. Tun asuba suke fitowa, su ne ba sa fushi su tafi idan na'ura ta ƙi karanta yatsa, su goge shi a gefen zani su sake miƙawa. Kanawa suna da karatun da suka haddace: a kasa, a tsare, a raka. Duka ukun an yarda mata su yi. Na huɗun, a zauna, shi ne mai cutar da baya, shi maza suka ɗauke musu.

In an ci, ba a mantawa da su. Ana ba mace ma'aikatar mata, tun da har yanzu ba a gano dabarar da za a ba namiji ba, wani lokacin a ƙara da ɗaya ko biyu don hoto ya yi kyau. Sauran kuma ga tallafi: keken ɗinki, injin taliya, injin markaɗe, awaki, jarin da ba zai sayi buhun fulawa ba. Ga auren gata, wanda a Oktoban 2023 kaɗai aka ɗaura wa ma'aurata 1,800, da gado da katifa. Hatta adaidaita sahun da ya toshe Bata, asalinsa a zamanin Gwamna Shekarau aka kawo shi don mata su daina hawa acaɓa. Kun ga ke nan kujera ba a hana mace ita ba, tana da ita a bayan adaidaita, mutum uku a jere.

Akwai masu taurin kai da ke cewa su takara za su yi. Su ma ba a wulaƙanta su. A 2022 jam'iyyar APC ta sa fam ɗin shugaban ƙasa naira miliyan 100, na gwamna miliyan 50, na sanata miliyan 20, amma ta yafe wa mata kuɗin fam ɗin tsayawa, sauran manyan jam'iyyu ma suna irin wannan rangwame. Kyauta ce mai kyau, don fam ba shi ne tsada ba. Daliget ne tsada, shi kuwa ba a taɓa jin ya yi wa kowa rangwame ba. Sannan taron da ake yanke magana ba a ofishin jam'iyya ake yin sa da rana ba. Ƙarfe ɗayan dare ake yi, a falon ubangida ko a ɗakin otal. Matar da ba ta je ba, an yanke ba da ita. Wadda ta je, kafin gari ya waye an san sunan da za a kira ta da shi a majalisar mai shayi, sunan da aka kira matan NEPU da shi tun shekaru 70 da suka wuce, bai tsufa ba, bai canza ba, yanzu ma ya samu Facebook da TikTok. Kowace hanya ta bi, mutuncinta ake karewa.

In ta tsallake wannan duka, sai maslaha. A kira ta gefe, cikin ladabi.

"Hajiya, ke uwa ce. Ki janye wa ƙaninki, in an kafa gwamnati za a duba ki."

"Ranka ya daɗe, wancan karon ma haka aka ce mini."

"To kin gani, Hajiya. Mu ba ma canza magana."

Akwai kuma dabarar asali, wadda ta fi ko'ina armashi a ƙaramar hukumar Fagge, inda kowa kakansa daga wani wuri ya zo. A garin mijinta a ce ba 'yar nan ba ce, aure ya kawo ta. A garin ubanta a ce ai ta yi aure ta tafi. Namiji gari ɗaya gare shi, mace an ba ta biyu, ta rasa duka. Ballantana wadda aka haifa a Sabon Gari, uwarta ma a nan aka haife ta, tana biyan kuɗin shago da na shara, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Da Gambo za ta dawo yau ta nemi kansila, da uba Bagane da uwa Banufiya, kafin a zo kan maganar jinsinta an gama da ita a kan takardar shaidar asali. Ko ɗaurin ma ba sai an yi ba. Wannan shi ake kira ci gaba.

Wani zai ce ai ba su iya ba ne. Haka ne. Matar da ke riƙe da adashin mutum hamsin a kasuwar Sabon Gari, kowa ya kwashi nasa ranar da aka ce, ba a taɓa kafa mata kwamitin bincike ba, ina za ta iya da kasafin kuɗin ƙaramar hukuma? Sai ta je ta ɓata tsari, ta sa kuɗin rijiya ya zama rijiya. Wadda ke sauke kaya daga Dubai da Sin, ta yi ciniki da 'yan canjin Wapa ba su cuce ta ba, me ta sani game da kwangila? Ita ta saba in ta biya kaya sai ta ga kaya.

Inda muka fi kowa kuwa shi ne girmama mace bayan ta rasu. Gambo ta cika a Oktoban 2001. Yau akwai babban asibiti da sunanta a Ƙofar Gayan a Zariya, akwai ɗakin kwanan ɗalibai mata da sunanta a Jami'ar Bayero. Duk mai jawabi a ranar mata ta duniya sai ya ambace ta, ya haɗa da Sarauniya Amina da Daurama da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta tura malamai mata ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Muna alfahari da su matuƙa, kuma suna da hali guda mai kyau da ya haɗa su: babu wadda za ta sayi fam. Duk macen da ta zo neman kujera sai mu ba ta Amina ta tafi da ita gida. Masu rai ne matsala. Dubi Naja'atu Muhammad, wadda ta shugabanci ƙungiyar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, aka kashe mijinta Dakta Bala Muhammad a tarzomar Kano ta 10 ga Yulin 1981, shekara da shekaru ana jin muryarta a siyasar ƙasar nan. An kai wasu majalisar dattawa da ba a taɓa jin tarinsu ba, ita an tsare mata lafiyar maƙogwaro.

Ba na ɓoye cewa akan samu ɓaraka. A zaɓen ƙananan hukumomi na Oktoban 2024, cikin 44 an wayi gari mace ta hau kujerar Tudun Wada. Ɗaya cikin 44 ba abin tayar da hankali ba ne, ko gwanin tela yakan soki yatsa. A dai kula.

A kula, don maƙwabta sun riga sun lalace. Nijar, 'yan uwanmu na jini da harshe, tun shekarar 2000 suka yi dokar ware wa mata kaso, suka fara da 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, a 2019 suka kai shi 25. Ghana, ƙasar mahaifin Gambo, tun 1960 Nkrumah ya ware wa mata kujera goma a majalisa, a Janairun 2025 kuma suka rantsar da mace mataimakiyar shugaban ƙasa. Senegal, ƙasar shehunai da zawiyoyi, ta yi dokar raba takara daidai a 2010. Ruwanda mata sun haura kashi 60 a majalisar wakilai. Namibiya ta fi kowa rashin ta-ido: Netumbo Nandi-Ndaitwah, wadda ta shiga SWAPO tana yarinya kamar yadda Gambo ta shiga NEPU, maimakon su jira ta rasu su sa wa asibiti sunanta, sai suka rantsar da ita shugabar ƙasa a Maris ɗin 2025. Ba su san darajar tsofaffi ba.

Alhamdu lillahi, Abuja tana tare da mu. Tun 2006 akwai manufar ƙasa da ta ce a ba mata kashi 35, an adana ta a takarda ba a bari ƙura ta taɓa ta ba. A Afrilun 2022 babbar kotun tarayya ta ce a aiwatar, aka saurara cikin girmamawa. Ranar 1 ga Maris ɗin shekarar, wato ranar farko ta watan da duniya ke bikin mata, majalisar tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafe su, har da na ƙarin kujeru 111. Mata suka tare ƙofar majalisa kwana da kwanaki suna zanga-zanga, aka bar su suka sha iska. Majalisar dattawan da aka kafa a 2023 mata huɗu ne cikin 109, ta huɗun ma, Natasha Akpoti-Uduaghan, kotu ce ta cusa ta, kuma a Maris ɗin 2025 aka ba ta hutun wata shida. Gwamna kuwa, ba a taɓa zaɓen mace ba a faɗin ƙasar nan. Virginia Etiaba ta ɗana wata uku a Anambra lokacin da aka tsige Peter Obi, kotu ta gyara. Mama Taraba ta ci a kotun zaɓe a 2015, kotun ɗaukaka ƙara ta gyara. Aisha Binani a Adamawa, wani jami'i ya yi riga-malam-masallaci ya sanar da ita tun ba a gama tattara sakamako ba a Afrilun 2023, hukumar zaɓe ta soke a ranar. Shugaba Buhari, Allah ya jiƙansa, ya riga ya fayyace tsarin tun Oktoban 2016 a Jamus, da aka tambaye shi kan hirar da uwargidansa ta yi da BBC Hausa, ya lissafa mata mazaɓunta uku: kicin, falo, da ɗaya ɗakin. Yana faɗa Angela Merkel na tsaye a gefensa, baiwar Allah da ba ta samu mai hutar da ita ba har ta shekara 16 tana jan ragamar Jamus.

An sake dawo da maganar kujerun musamman: kowace jiha a ƙara mata sanata mace ɗaya, 'yar majalisar wakilai ɗaya, da uku a majalisar jiha. Na ga hankalin wasu manyanmu ya tashi. Ranku ya daɗe, ku kwantar da shi. Na farko, ƙari ne, ba a taɓa 67 ɗinku ba. Na biyu, ko an yi, kujera biyar ce, kuma wane babba ne a Kano ba shi da uwargida da amarya da ƙanwa da 'yar fari? Taron ƙarfe ɗayan dare yana nan, daliget yana nan, maslaha tana nan. Shugabar mata ta mazaɓa, mai littafi mai layi-layi, ba za ta ji labari ba sai an kira ta ta kawo masu guɗa.

Ita ma ba ta zauna ba. Ta fara sabunta lambobin waya, ta soke sunan waɗanda suka rasu da waɗanda aure ya kai wata unguwa. Dilolin Kwari kuma sun san adadin yadin da za a nema a zaɓe mai zuwa, launi da da'ira duk an shirya, hoton Yallaɓan da za a saka a ciki kawai ake jira manya su daidaita.